Akwatin Hotunan Baffa: Wane Gari Ne Wannan?

Asabar

Da hantsi Inna ta aiko yaro ya kira ni. Na same ta a tsakar gida ta shimfiɗa tabarma, gabanta ga ƙaramin akwatin ƙarfen nan da na saba gani a ƙarƙashin gadon Baffa tun ina yaro. Ta ce har aka gama rabon gado babu wanda ya waiwaye shi, ga shi gara ta fara cin ɗakin. "Kai ne malamin labarin ƙasa," in ji ta. "Ɗauki ka duba, ka gaya wa yaran nan inda kakansu ya taka."

Hotuna ne fal a ciki. Baffa, Allah ya jiƙansa, ya yi fataucin goro a Kurmi da Gwanja, ya yi tuƙin babbar mota, ya kuma je Makka ta ƙasa tun jirgin sama bai zama ruwan dare ba. Wasu hotunan masu ɗauka na bakin tasha ne suka yi masa. Wasu kuma katuna ne irin waɗanda ake sayar wa matafiya, har da waɗanda abokansa suka aiko masa. Katunan ya manna su da ƙaro a jikin kwali, in ka ce za ka ɓamɓare sai rubutun baya ya tafi da takardar. Hotunan da ya yi wa rubutun ajami kuwa, laima ta cinye tawadar.

Ɗan yayata da ya zo hutu ya leƙo zaure ya ce, "Kawu, ai wannan ba aiki ba ne." Ya nuna mini Google Lens a wayarsa, wai da ka haska hoto zai faɗa maka sunan wurin. Na ce ya riƙe wayarsa, ni in riƙe idona, mu yi aikin tare.

Abin da na fara koya masa shi ne kada ya yi gaggawar neman suna. Rufi ake fara duba. Inda damina gajeriya ce, soro ne shimfiɗaɗɗe da indararo a gefe. Inda ruwa yake zuba wata da watanni, rufi yakan yi tsini don ya zubar da shi da sauri. Daga nan sai itatuwa: goruba da dabino na gefen hamada ne, kuka da giginya da darbejiya namu ne, kwakwa da ayaba na Kurmi. Kafin magariba mun kasa hotunan kashi uku, na arewa da na kudu da na gabas, ba mu ambaci sunan gari ko ɗaya ba.

Lahadi

Yau ranar hasumiyoyin ƙasa ce. Uku muka samu, yaron ya haɗa su wuri guda ya ce duk gini ɗaya ne aka ɗauka ta fuskoki daban-daban.

Ta farko wayarsa ta gane ta nan take: Agadas. Na yarda, amma ina so ya san dalili. Hasumiya ce mai kusurwa huɗu, faɗi a gindi, tana tsukewa har sama, itatuwa sun tsattsago daga jikinta ta kowane ɓangare. Tsawonta ya kai kimanin mita 27. An fara gina ta a 1515, aka sabunta ta a 1844. Itatuwan nan suna ɗaure ginin, kuma a kansu magina suke tsayawa in za a yi yaɓe. A hoton, Baffa yana tsaye da jamfa da dara, gefensa raƙuma sun gurfana, an sauke musu kantun gishiri an jera a ƙasa, ga mutum biyu da amawali ido kawai ake gani. Ko da an rufe hasumiyar da yatsa, kantun da amawalin sun isa su kai ka Azbin.

Ta biyu gajeriya ce, ba za ta wuce mita 15 ba, jikinta sumul babu itace, ta tashi hawa-hawa, kowane hawa ya fi na ƙasansa ƙanƙanta. Gobarau ce ta Katsina, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. A da, daga kanta ake kiran salla, daga kanta kuma ake hango mahara.

Ta uku kati ce. Hasumiyoyi uku ne jere a bangon alƙibla, kan kowacce an kafa ƙwan jimina, ginin duka yana zaune a kan dandamali saboda ambaliyar kogin Bani. Gabansa kasuwa ta cika da ƙwarya da kwanduna. Masallacin Jenne ne na ƙasar Mali, wanda aka gina a wannan siffa a 1907, kasuwar kuma ranar Litinin take ci. Duk shekara mutanen garin suke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu su yi masa yaɓe.

Na jera su uku a gabansa. Da ƙasa aka yi su duka, amma magina uku ne, a garuruwa uku, kowa da abin da ya gada. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yanzu ko cikin dare aka tashe shi ba zai haɗa su ba.

Litinin

Hoto ɗaya ne ya cinye mana wunin yau. Lungu ne, babu wani sanannen gini a ciki. Ga ƙofar zaure da zanen dagi a samanta, ga zankwaye a kan soro, ga yarinya da tallan fura a ka, ga jaki ɗaure a gindin bango. Wayar ta ce Kano, aka sake haskawa ta ce Zariya, can kuma ta tsallaka Mali.

Tana da uzuri. Tubali da azara da makuba da zanko duk ƙasar Hausa ta yi tarayya a kansu. Sai na sa ya kawo mini madubin ƙara girma, muka bar tsakiyar hoton muka koma gefe-gefe. A baya can, sama da soraye, ga manyan duwatsu mulmulallu sun hau kan juna, har wani gida ya jingina da ɗayansu. Wannan ya fitar da Kano, domin Dala da Gwauron Dutse tuddai ne na jan marmara masu shimfiɗaɗɗen kai. Zariya tana da irin waɗannan duwatsu, ga Madarkaci a cikin birni, ga Kufena, don haka ba a rabu da ita ba tukuna. A kusurwar hagu, inda hoton ya fara dusashewa, muka hango rabin allo a bakin wani shago, rubutun kuma Faransanci ne. Kusa da shi ga ɗan sanda da hula mai baki irin ta Faransawa.

Damagaram ke nan, unguwar Birni, inda fadar sarki take. Ita ce hedikwatar Nijar a zamanin Faransawa har 1926 da aka koma Yamai. Da na kai wa Inna hoton da la'asar, ta ce lalle Baffa yana da maigida a Zangon Damagaram da yake sauka wurinsa.

A da, in baƙo ya shigo kasuwa, kafin ya buɗe baki an san Bagobiri ne ko Babarbare, saboda tsagen fuskarsa. Gari ma haka yake: dutsensa da kalar ƙasarsa da hannun maginansa su ne tsagensa. Waya ta haddace fuskokin da aka fi ɗauka hoto. Lungun da ba kowa ya damu da shi ba kuwa, sai mutum ya zauna ya karanta shi.

Na Kano ba su ba mu wahala ba. Ga dalar gyada kusa da layin dogo, leburori suna hawa da buhu a ka. Ga babban masallaci da ƙubbarsa da hasumiyoyi biyu, wanda ya nuna ba a ɗauki hoton kafin 1951 ba. Ga marinar Ƙofar Mata, an shanya baƙi a ƙasa.

Talata

Mun gangara Kurmi. Teku guda na rufin kwano mai tsatsa, ya hau tudu ya sauka kwari har iya ganin ido, a kan wani tudu kuma ga gini fari mai manyan ginshiƙai: Ibadan ce, ginin kuma Mapo Hall, na 1929. Hotuna biyu ne daga kusan wuri ɗaya. A na farko babu abin da ya ɗara rufin kwanon tsawo. A na biyu wani dogon bene ya tsaya shi kaɗai, Cocoa House, mai hawa 26, da aka gama a 1965 da kuɗin koko. Gini ɗaya ya raba mana hotunan biyu, wannan kafin shekarar, wancan bayanta.

A wani hoton Baffa yana zaune a kan benci tsakanin huhunan goro, an ɗaure su da igiya, ganye yana leƙowa ta baki. Mutanen da ke kewaye da shi duk da babbar riga, amma gidajen bayansu na Yarabawa ne masu baranda. Hausawa a ƙarƙashin rufin Ibadan, ai Sabo ce, unguwar da aka ware musu tun 1916.

Na kuma nuna wa yaron wata dabara da ta burge shi. Ka dubi hannun da motoci suke bi. Najeriya ta bar hannun hagu ta koma dama a Afrilun 1972, Gana ta biyo baya a Agustan 1974. Ƙasashen da Faransa ta mallaka kuwa tun asali dama suke bi. A hotunan Kurmi, mota a hagu da allon Turanci, ka san ko Najeriya ce kafin sauyin 1972 ko Gana kafin na 1974.

Ikko ta bayyana kanta da ruwa da gadar Carter, da gidajen Aguda, waɗanda suka dawo daga Barazil, masu tagogi da ado a kewaye. Da irin wannan hannun aka gina masallacin Shitta-Bey a 1894. Akara kuma ga ƙofar nan mai baƙin tauraro a kai, ga fitilar jiragen ruwa ta Jamestown a bakin teku. Kumasi ba ta da teku. Tuddai ne da duhun itatuwa da rumfunan Kejetia da ba su da iyaka.

Laraba

Kashin gabas shi ne hanyar Makka, don haka yau a gidan Inna muka yi aikin. Ba da ita aka yi tafiyar ba, amma ta sha jin labarin har ta haddace zangunan: Maiduguri, Fort-Lamy, Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, sannan Khartum.

Hoton farko kogi ne mai faɗi, da kwale-kwale da jirgin fito ɗauke da mota, gari shimfiɗe a ƙetare babu tudu ko ɗaya. Nan ne Logon yake zuba cikin Shari, Kusiri a wannan gaɓa, Fort-Lamy a waccan, wadda aka mayar Njamena a 1973.

Khartum ma mahaɗar ruwa ce, amma ko a hoto marar kala ana ganin bambancin: ruwa biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya fi ɗaya duhu, kafin su gauraya. Farin Nilu da Shuɗin Nilu ke nan, ga tsibirin Tuti a tsakani. A ƙetare, wata ƙubba doguwa mai tsini tana ƙyalli: kabarin Mahdi a Omdurman. Ya rasu a 1885, Turawan Ingila suka rushe ƙubbar bayan yaƙin 1898, aka sake gina ta a 1947. Tunda tana tsaye a hoton Baffa, tafiyarsa ta biyo bayan wannan shekara.

Inna ta ɗauki wani hoto na gonar auduga da magudanar ruwa miƙaƙƙiya, ta ce, "Nan ne ya yi ƙwadago da guzuri ya ƙare." Jazira ce, gonakin da madatsar Sinnar take shayarwa tun 1925, inda dubban maniyyata daga ƙasashenmu suka yi aiki don tara kuɗin jirgi. Ta ce ya kuma ziyarci 'yan'uwa a Mai Wurno, garin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903.

Biyu na ƙarshe sai da muka natsu. Duka gidaje ne farare na dutsen teku, da tagogin katako da suka turo waje, an sassaƙa su raga-raga don iska ta shiga, ido kuma kada ya shiga. Bahar Maliya ta ba gaɓoɓinta biyu gini iri ɗaya. Amma a ɗaya gidajen sun fara zubewa, ruwa ya kewaye su, titi babu kowa. Sawakin ce, wadda ta mutu a tsaye bayan an buɗe tashar Port Sudan a farkon ƙarni na 20. A ɗayan benayen sun fi tsawo, lungu cike da 'yan dako da alhazai. Jidda ke nan. Inna ta riƙe wannan hoton ta yi masa addu'a, mu ma muka shafa.

Alhamis

Yau katunan da abokan Baffa suka aiko muka ɗauko. Yaron ya ɗaga wani ya ce, "Kawu, wannan kam na sani, Istanbul ce." Ga babbar ƙubba, ƙanana sun kewaye ta, ga hasumiyoyi sirara masu kai kamar an fiƙe su.

Na ce kama da wane ba ta wane. Salon Turkawa ne, babu shakka. Amma ina ruwa? Manyan masallatan Istanbul a kan tuddai suke, teku a ƙarƙashinsu, da jirage da tsuntsaye. Wannan kuwa a kan ganuwar dutse yake zaune, bayansa tsauni busasshe, iska cike da ƙura. Masallacin Muhammad Ali ne a sansanin Salahuddin na Alƙahira, da aka fara ginawa a 1830, tsaunin kuma Muƙaɗɗam. Hasumiyoyinsa dogaye biyu ne, na Sultan Ahmad a Istanbul shida. Ƙasa da shi a katin ga hasumiyoyin Alƙahira na asali, na zamanin Mamluka, masu hawa-hawa da baranda da ɗan tulu a kai.

Daga nan na zana masa a takarda. Hasumiyar Magrib kusurwa huɗu ce tun daga ƙasa har sama. In ka gan ta doguwa, kimanin mita 77, da jan bango da dabino, can baya kuma ƙanƙara a kan tsaunukan Atlas, Kutubiyya ce ta Marrakesh. In ta tsaya a rabi, gabanta guntayen ginshiƙai jere, ta Hassan ce a Rabat, da aikinta ya tsaya a 1199 da rasuwar Yaƙub al-Mansur. In an ɗora mata ɗakin ƙararrawa a kai, ka tsallaka Andalus, Giralda ce ta Ishbiliya.

Na ƙara masa da gargaɗi. Babban masallacin Akara da aka buɗe a 2021 Turkawa ne suka gina shi da salon garinsu. Wanda ya dubi ƙubba kawai zai ce Turkiyya. Wanda ya dubi ƙasa da itatuwa da mutanen da ke wucewa zai san yana kusa da unguwar Nima ta Akara. Gini yana ƙaura, ana kwaikwayonsa, ana sayensa. Tsauni da kogi da kalar ƙasa suna nan inda Allah ya ajiye su, shi ya sa su ne shaidun da nake fara tambaya.

Juma'a

Makka da Madina ba sa buƙatar bincike. Abin lura shi ne abin da ke kewaye da su. A hoton Baffa, Ka'aba tana tsakiyar rumfuna masu ƙananan ƙubbobi na zamanin Usmaniyya, gidaje sun hau jikin duwatsu, kan tudu kuma ga sansanin Ajyad. An rushe sansanin a 2002, a wurinsa yanzu benen agogo ne mai tsawon mita 601. A Madina, koriyar ƙubba tana nan, Uhudu yana nan, lungunan da ke kewaye da masallacin sun zama fili da manyan lemomi.

Bayan mun sauko daga masallaci, yaron ya ce shi ma zai gwada ni. Ya buɗe hotunan da abokansa suke turowa. Ga gidan mai, ga jerin shaguna masu gilashi, ga dogon rufin kwano mai kala, ga katanga da waya a kai, ga gadar sama. Ɗaya Kano, ɗaya Kaduna, ɗaya Yamai, ɗaya Abuja, in ji shi. Na duba rufi, na duba bango, na duba gefe-gefe yadda na koya masa. Na Abuja ne kaɗai ya yi magana, saboda dutsen Aso ya leƙo ta baya. Sauran ba su da abin da za su faɗa.

Wannan ya dame ni ƙwarai. Ba na cewa mutane su zauna a ɗakin da ke yoyo don baƙo ya sami abin ɗauka. Siminti ya yi rana, titi mai faɗi ya yi rana. Amma mai gina gida yana iya sa zaure da zanko ko da bulo yake gini. Mai zanen gini da ya yi karatu a Zariya yana iya shiga masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 ya ga yadda aka ɗaure bakan gizo da azara, ya ɗauki wani abu daga ciki. Hukuma tana iya hana a ci badala, ta hana a toshe Dala da benaye, ta bar ƙofofin gari da kamanninsu in za a gyara. Agadas ta riƙe tsohon garinta har UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2013, mutane kuma suna zaune a ciki suna harkokinsu. Baffa ya bar mana hotuna babu suna, muka gane garuruwan domin maginansu sun bar musu kama. Ina so jikokinmu su sami irin wannan sa'a da hotunan da muke ɗauka yau.

Da daddare mun rubuta sunan gari a bayan kowane hoton da muka gane da fensir, da shekarar da alamu suka nuna, muka sa su a leda saboda laima. Akwai wasu na kasuwannin goro da rumfa ta rufe komai a cikinsu, sai fuskokin mutane. Ranar Litinin, in Allah ya kai mu, za mu kai su kasuwar goro ta Mariri. Akwai dattawan da suka yi wannan fatauci, su za su gane rumfar, wataƙila har da masu zama a cikinta. Yaron ya ce shi zai riƙe littafi ya rubuta abin da suka faɗa.